Ciki a Wajen Mahaifa: Wanda Ya Zauna a Gidan Ƙwai Ya Fi Wuyar Ganewa

A ɗauki misalin wata matar aure a Agege, ko Idi-Araba, ko unguwar Sabo ta Badun. Ta yi ɓatan wata har an shiga mako na uku, amma ba ta gaya wa kowa ba, domin ba al'ada ba ce a yi shelar ƙaramin ciki, balle a gidan haya mai ɗaki goma inda kowa ke jin tarin kowa. Mai gida ya fita tun asuba zuwa kasuwar Mil 12, ba zai komo ba sai bayan isha'i. Da hantsi sai ciwo ya soke ta a gefe guda na mara. Maƙwabciya ta ce sanyi ne, ta kawo jiƙo, aka aiki yaro kemis ya sayo ƙwayar kashe zafi. Da azahar ta ga ɗan jini baƙi-baƙi wanda bai ko jiƙa ƙyalle ba. Da la'asar ta miƙe za ta kewaya, jiri ya ɗebe ta, ta faɗi a ƙofar ɗaki.

Waɗanda suka taru a kanta za su ce ai ba ta zubar da jinin kirki ba, don haka ba abin tayar da hankali ba ne. Alhali kuwa jinin yana nan yana zuba, sai dai a cikin cikinta yake taruwa inda ido ba ya gani. Jinin jikin mace baliga duka bai wuce lita 4 zuwa 5 ba, kuma kogon ciki yana iya shanye lita 2 ko fiye ba tare da ɗigo ya fito waje ba. Wannan shi ne abin da ake kira ciki a wajen mahaifa, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a watanni uku na farkon goyon ciki.

YADDA ABIN KE FARUWA

A kowane gefe na mahaifa, dama da hagu, akwai wani ɗan abu mai girman dabino, shi ne gidan ƙwai. Kowane wata ɗaya daga cikin biyun nan yakan saki ƙwai guda. Tsakanin gidan ƙwai da mahaifa kuma akwai siririn bututu, tsawonsa kamar santimita 10, wanda ke cafe ƙwan. A cikin bututun nan ne maniyyin namiji ke haɗuwa da ƙwai, sa'an nan ƙwan ya gangara a hankali cikin 'yan kwanaki ya isa mahaifa, ya manne a bangonta. Mahaifa ce kaɗai aka halitta domin wannan aiki, ita ce ke iya buɗewa daga girman dunƙulen hannu har ta ɗauki jariri.

To, a cikin kowane ciki 100, ana samun 1 ko 2 da ƙwan ba ya isa inda ya nufa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan a bututu suke maƙalewa. Sauran kuwa sukan zauna a bakin mahaifa, ko a tabon fiɗar da aka taɓa yi wajen haihuwa, ko a kogon ciki, ko kuma a gidan ƙwan kansa. Na gidan ƙwai bai wuce 1 zuwa 3 ba a cikin 100 na cikin da ya zauna a waje. Watau dai ƙwan bai ko bar gida ba maniyyi ya riske shi, ko kuma ya fita ya komo da baya ya manne a jikin gidan da ya fito.

Ƙarancinsa ba ya rage masa mugunta. Gidan ƙwai wuri ne mai yawan jini, jijiyar da ke shayar da shi daga babbar jijiyar jiki take tasowa kai tsaye, kuma ba shi da naman da zai miƙe. Da cikin ya ɗan girma sai wurin ya tsage. Mafi yawa sukan fashe kafin a cika wata uku, sau da yawa tun mace ba ta tabbatar ma tana da ciki ba.

Cikin bututu galibi yana da dalilin da aka sani: ciwon sanyin mara da aka bari ya daɗe ba magani har ya bar tabo a bututun, ko fiɗar da aka taɓa yi a wurin, ko shan taba. Na gidan ƙwai kuwa yakan sami mace mai lafiyayyun bututu, wadda ta haifi 'ya'yanta lami lafiya. An fi danganta shi da abu biyu, watau robar tazarar haihuwa da ake sakawa a cikin mahaifa, da dashen ƙwai da ake yi wa masu neman haihuwa a asibiti. A nan sai a yi hattara kada a juya magana. Robar ba ta jawo ciki a waje, hasali ma tana hana ɗaukar ciki kowane iri ƙwarai da gaske. Abin da ake nufi shi ne, idan aka yi rashin sa'a ciki ya shiga alhali robar tana nan, to ya fi yiwuwa a same shi a waje. Saboda haka mai roba da ta ga ɓatan wata da ciwon mara, kada ta ce ai ni ba na ɗaukar ciki.

An daɗe likitocin Turai suna gardama a kan ko ma ciki yana iya zama a gidan ƙwai. A cikin shekarar 1878 wani likitan mata na ƙasar Jamus, Otto Spiegelberg, ya kafa sharuɗɗa 4 da sai sun cika kafin a yarda: bututun wannan gefe ya kasance lafiya lau, jakar cikin ta kasance a mazaunin gidan ƙwai, ta kasance a ɗaure da mahaifa ta igiyar da ke riƙe gidan ƙwai, kana a sami naman gidan ƙwai a jikin jakar idan an duba da madubin likita. Wadda ta kashe gardamar kuwa mace ce, likita Catharine van Tussenbroek ta birnin Amstadam a ƙasar Holan, wadda a 1899 ta nuna tabbataccen misali da hujjar madubi. Har yau da sharuɗɗan Spiegelberg ake koyar da ɗaliban likita.

ALAMUN DA BA A WASA DA SU

Alamu uku ne suka fi zuwa tare: ɓatan wata, ciwo a gefe guda na mara, da ɗigon jini wanda ya saɓa wa na al'ada, sau da yawa kaɗan ne kuma baƙi-baƙi. Ba lalle ne duka ukun su bayyana ba. Wata ɗigon nan za ta ɗauka al'ada ce ta zo a makare, in an tambaye ta ta rantse ba ta yi ɓatan wata ba. Mai shayarwa wadda al'adarta ba ta komo ba tun haihuwa ita kuwa ba ta da watan da za ta ce ya ɓata, ga kuma kunyar a ce ta yi kwanika, sai ta danne ciwon ta yi shiru. Akwai kuma maganar kwantaccen ciki, wadda ke sa a ce ciki ne ya kwanta, a nemi maganin tashe shi. Duk macen da ake zaton cikinta ya kwanta kuma tana ciwon mara, hoton ciki take bukata a ranar nan.

Idan wurin ya fashe, sai wasu alamu su biyo. Jiri, musamman in ta miƙe tsaye. Suma. Gumi mai sanyi, tafin hannu da cikin ido su yi fari fat, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ƙishirwa ta dame ta. Takan ji kamar bayan gida ya matse ta, ta je ba ta yi kome ba, domin jinin ne ya taru a ƙasa yana danne hanji. Sai kuma wata alama mai ban mamaki, watau ciwo a ƙarshen kafaɗa, wanda yakan tsananta in ta kwanta. Dalili shi ne jinin ya hau har ya taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyar wannan tantani kuwa tushenta ɗaya da ta kafaɗa. Mace mai ɓatan wata da ta ce kafaɗarta na ciwo haka kawai, ba mai tausa za a kira ba, mota za a nema.

Abin da ke ɓatar da mutane shi ne cutar tana kama da cututtuka da yawa: ɓari, afendis in a dama ne, ciwon fitsari, taifot, gudawa. Mai kemis ba shi da abin da zai rarrabe su. Ƙwayar kashe zafi kuwa ciwon kawai take rufewa, jinin yana ci gaba da zuba.

ABIN DA LIKITA ZAI YI

Tambayar farko ita ce ranar da al'adar ƙarshe ta fara, domin daga wannan rana likitoci ke ƙirga makonnin ciki. Mace ta faɗi gaskiya ko da mijinta ko surukarta na tsaye. In ba za ta iya ba, tana da ikon ta nemi a fitar da kowa. Sa'an nan a gwada fitsari, aikin minti biyar. Ƙa'ida ce ta asibiti cewa duk macen da ke cikin shekarun haihuwa da ta zo da ciwon mara ko suma a yi mata wannan gwaji, ko ta ce ba ta da ciki, don haka kada miji ya ɗauka an zargi iyalinsa da wani abu.

In gwaji ya nuna ciki, saura a san inda yake, wannan kuwa aikin hoton ciki ne, wanda ake kira sikanin. Iri biyu ne. Akwai wanda ake goga na'ura a kan mara, akwai kuma wanda ake shigar da siririyar na'ura ta gaba. Na biyun ya fi gani nesa ba kusa ba a farkon ciki, yana iya nuna jakar ciki a mahaifa tun wajen mako na 5. Mata da yawa sukan ƙi shi saboda kunya. Ana iya roƙon mace ta yi shi, ko wata nas ta tsaya a ɗakin, amma ƙinsa ɗungum kasada ce da rai.

Akwai kuma gwajin jini na auna wani sinadari da ciki ke fitarwa, wanda ake rubutawa hCG a takardar asibiti. A lafiyayyen ƙaramin ciki yakan kusan ninka kansa cikin kwana 2. Idan ya kai wajen 1,500 zuwa 2,000 amma hoto ya nuna mahaifa wayam, likita zai yi zargin cikin yana waje. Shi ya sa wani lokaci akan ce wa mace ta komo bayan awa 48 a sake ɗibar jini. Wannan komowa ba neman kuɗi ba ne, kuma waɗanda suka ji sauƙi suka ƙi komowa su ne akan kawo daga baya ranga-ranga.

A nan ne na gidan ƙwai ke nuna wuyarsa. Duk lokacin da gidan ƙwai ya saki ƙwai, gurbin yakan zama wani ƙullutu mai launin rawaya wanda ke tallafar ƙaramin ciki, kuma kowace mai ciki tana da shi. Ƙullutun nan shi ma yakan tara jini, har yakan fashe. A hoto, shi da cikin da ya zauna a gidan ƙwai kamar an tsaga kara. Gwanin hoto yakan danna a hankali ya ga ko abin da yake gani yana motsi tare da gidan ƙwai ko yana zamewa dabam, domin in ya zame dabam ya fi kama da na bututu. Duk da haka sau da yawa ba a tabbatarwa sai an buɗe ciki, wani lokaci ma sai an aika naman da aka cire ɗakin bincike an ga ƙwayoyin mabiyiya a jikin gidan ƙwai. Saboda haka in likita ya ce kafin fiɗa bututu ne, bayan fiɗa ya ce ashe gidan ƙwai ne, ba rashin sanin aiki ba ne, halin cutar ke nan.

Inda babu na'urar hoto, tsohuwar dabara ita ce a soka allura a ciki a zuƙo. In aka sami jinin da ba ya daskarewa, an san jini ya taru. Amma macen da ta riga ta suma, gwajin fitsari ya nuna ciki, cikinta ya kumbura, ba a tsayawa jiran hoto, ɗakin fiɗa ake nufa da ita.

MAGANI

Tambayar da kowane miji ke yi ita ce ko za a iya ɗauke cikin a mayar da shi mahaifa. Ba a iyawa, a nan ko a Ingila ko a Amurka. Cikin da ya zauna a gidan ƙwai ba abin da za a sa rai da shi ba ne, ran uwa ake ceto.

Kafin 1883 mafi yawan matan da irin wannan ciki ya fashe musu mutuwa suke yi likita na kallo. A wannan shekara ce Lawson Tait na birnin Birmingham a Ingila ya buɗe cikin wata mata, ya ɗaure jijiyar da ke zuba, ya cire bututun da ya fashe, ta kuma rayu. Har gobe tushen maganin ke nan: a isa wurin da wuri a tsayar da jini.

Ga na gidan ƙwai, fiɗa ce babban magani. Likita yakan yanke ɓangaren da cikin ya manne, kamar yadda ake yanke ruɓaɓɓen gefen albasa, ya ɗinke saura ya bar mata. Sai in wurin ya dagargaje ko jini ya ƙi tsayawa ne ake cire gidan ƙwan ɗungum. Hanya biyu ake bi. Ko a tsaga ƙasan mara, ko kuma a yi 'yan huji 3 ko 4 a zura madubi mai fitila da siraran kayan aiki, wanda ake kira laparoskofi. Mai huji ta fi saurin warkewa, takan koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu, amma ba kowane asibiti ke da kayan ba, kuma in mace ta galabaita tsagawar ta fi sauri. A asibitocin Afirka ta Yamma an daɗe ana wata dabara idan jinin ƙari ya yi wuya, watau a kwashe jinin da ya taru a cikinta, in sabo ne mai tsabta, a tace a mayar mata ta jijiya. Ta ceci rayuka da yawa, ko da yake ba kullum take yiwuwa ba.

Akwai kuma allura mai suna metotireksat, wadda likitocin Japan suka fara ba da labarin amfani da ita a kan ciki a wajen mahaifa a 1982. Tana tsayar da girman cikin, jiki ya shanye shi a hankali. Sai dai tana da sharuɗɗa: wurin bai fashe ba, mace ba ta cikin ciwo mai tsanani, abin bai kai santimita 3 da rabi ba, babu bugun zuciya, sinadarin nan bai haura 5,000 ba. Sai an komo gwajin jini a rana ta 4 da ta 7, sa'an nan mako-mako har ya ɓace, ana iya shafe wata guda ko fiye. Ba a yi wa mai shayarwa sai ta dakatar da ba da nono, ba a haɗa ta da ƙwayoyin ƙarin jini masu folik asid, kuma ba a ɗaukar wani ciki sai bayan wata 3. An fi sanin amfaninta a na bututu. A na gidan ƙwai likitoci sun fi natsuwa da fiɗa, tun da ita ce ke tabbatar da abin da ake fama da shi. Wadda ke shirin tafiya gida Arewa biki ko ganin gida a makonnin nan kada ta karɓi allurar ba tare da ta gaya wa likita ba, domin wurin yana iya fashewa ana tsakiyar magani, kuma tsakanin Jebba da Mokwa ba wurin suma ba ne.

JINKIRIN DA KE GIDA

'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun suna zaune kusa da manyan asibitocin ƙasar nan. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, wanda aka buɗe a 1962, a Idi-Araba yake, maƙwabcin unguwar Hausawa. Na Badun, wanda aka buɗe a 1957, ba shi da nisa da Sabo. Benin da Inugu da Fatakwal duk suna da nasu. Matar ƙauye takan rasa ranta saboda nisan hanya. A nan kuwa ba hanya ce ke cin sa'o'in ba, a tsakar gida suke ƙarewa: jiran mai gida ya komo ya ba da izini, neman wanda ya iya Yarbanci ko Turanci ya raka ta, bugun waya Kano ko Sakkwato a ji shawarar uwa. Direban tirela da ke layi a Apapa, ko mai shanu a mayankar Oko-Oba, ko mai gadi da ba ya barin ƙofa, ya kamata tun yau ya gaya wa iyalinsa da maƙwabta a fili cewa in irin wannan ta taso a wuce asibiti, a neme shi daga baya.

Idan ta faɗi, a kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta. Kada a ba ta abinci ko ruwa ko jiƙo, saboda maganin barcin da za a ba ta wajen fiɗa. Kada a danna mata ciki ko a gasa da ruwan zafi. Kada a ɗora ta a babur. Lambar gaggawa ita ce 112. A nufi asibitin da ke da ɗakin fiɗa da ma'ajiyar jini kai tsaye, domin tsayawa a ƙaramin asibitin bakin layi sau da yawa ƙarin awa biyu ne kafin a ce a wuce gaba.

A tafi da maza biyu ko uku masu lafiya da za su ba da jini. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki yakan mayar da shi cikin 'yan makonni, kuma ba ya rage wa namiji ƙarfi ta kowace fuska. Abu ne da fadar Sarkin Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su iya tsarawa tun kafin bukata, a san waɗanda ke shirye da rukunin jininsu. Game da kuɗi, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa. Abin da ke takarda dabam, abin da akan tarar a bakin kanta wani lokaci dabam, amma wanda ya san dokar ya fi wanda bai sani ba bakin magana. Haka nan mace baliga mai hankalinta tana da ikon sa hannu a yi mata fiɗa da kanta, ba sai an jira kowa ba.

Bayan fiɗa, abin da ya fi damun mata shi ne ko haihuwa ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Gidan ƙwai guda, ko ma ɓangarensa, ya isa ya ci gaba da sakin ƙwai, al'ada ta ci gaba yadda take. Zancen da ake yi cewa gefe ɗaya na 'ya'ya maza ne ɗayan na mata ba shi da tushe, daga maniyyin uba ake samun namiji ko mace. Kuma tun da bututun mai cikin gidan ƙwai yawanci lafiyarsu ƙalau, ba kasafai abin ke maimaituwa ba, saɓanin na bututu wanda ke komo wa kamar mace 1 cikin 10.

Wadda rukunin jininta nagetif ne ta tambaya ko an yi mata allurar anti-D, wadda ake yi cikin awa 72 domin kare jariran da za ta haifa nan gaba. Kafin a sallame ta, a karɓi takardar da ta bayyana gefen da aka yi aiki da abin da aka cire, a kuma koma karɓar sakamakon naman da aka aika bincike. Takardar nan a adana ta tare da katin asibiti, in za a tafi gida wankan jego ko ƙaura a tafi da ita, domin likitan Zariya ko Gusau ba shi da hanyar sanin abin da aka yi a Ikko. Duk ranar da ta sake ɓatan wata kuma, ta je a yi mata hoto a mako na 6 ko na 7, ko da ba ta jin ciwon kome, a ga inda cikin ya zauna.